Gida a Kan Taya: Wanda Ake Tuƙawa ko Wanda Ake Ja?

A ƙasar Amurka akwai wata muhawara da ba ta zuwa majalisa, ba a kuma jin ta a labaran duniya, amma duk shekara sai ta raba kan dubban ma'aurata, galibi waɗanda suka ajiye aiki ko suke dab da ajiyewa. Mutanen nan sun riga sun yanke shawarar barin gidan da suka raini 'ya'yansu a ciki, wasu na watannin sanyi kawai, wasu kuma baki ɗaya, su koma zama cikin gida mai tayoyi suna zaga ƙasa. Abin da ya rage musu shi ne zaɓen irin gidan. Akwai wanda ake shiga a tayar da inji a tuƙa shi kamar motar safa, wanda zan kira mota-gida. Akwai kuma wanda ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan wata mota an ja shi, wanda zan kira gidan-ja. Na ɗauko maganar a wannan mako ne domin duk da nisanta da mu, tana nuna yadda ake auna babbar sayayya, irin wadda mutum ke zuba gumin shekara talatin a cikinta, kuma in ya yi kuskure ba shi da sauran ƙuruciyar da zai sake tarawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sha'awa ce ta wasu 'yan tsiraru. Ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan gidaje a Amurka ta ƙiyasta a 2021 cewa magidanta sama da miliyan 11 ne suka mallake su, kuma a wannan shekarar, lokacin da annobar korona ta sa mutane suke ƙyamar jiragen sama da otal-otal, masana'antu sun fitar da sababbi fiye da 600,000. Mafi yawansu ana ƙera su ne a garin Elkhart da kewayensa a jihar Indiyana, inda manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke da mazauni. Al'adar ma ta daɗe. Tun a 1919 masu yawo da mota suna kwana a hanya suka kafa ƙungiyarsu a garin Tampa na jihar Fulorida. Dokar 1956 da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu ta shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, sannan a 1966 kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da mota-gidansa na farko, har sunan kamfanin ya koma tamkar sunan abin a bakin jama'a.

Bari mu san abubuwan biyu da kyau kafin mu auna su. Mota-gida jiki ɗaya ce: a gaba akwai sitiyari da kujerar direba, in ka juya baya kuma ga falo, ga madafa, ga makewayi, ga ɗakin kwana. Tana da girma iri uku. Babbar tana kama da bas, tsawonta kan kai kusan mita 14, kuma masu tsada a cikinsu suna da injin dizal a baya. Ta tsakiya an gina ta a kan gaban wata ƙaramar motar kaya, ana gane ta da gadon da ya leƙo saman kan direba. Ƙaramar kuwa motar kaya ce mai rufi, irin su Sprinter da Transit, da aka gyara cikinta ta zama ɗaki.

Gidan-ja shi ma iri-iri ne, amma wanda ke gogayya da babbar mota-gida shi ne wanda Amurkawa suke yi wa laƙabi da mai ƙafa ta biyar. Sunan ya samo asali ne daga zamanin keken doki mai ƙafafu huɗu, wanda ake sa wa wani zoben ƙarfe a kwance a saman ƙafafun gaba domin ya iya juyawa, sai aka riƙa kiran zoben ƙafa ta biyar. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Tafa ko Mararrabar Jos ya ga jikan wannan zobe da idonsa, domin shi ne faifan ƙarfen nan mai maiƙo da ke bayan kan tirela, wanda bodin yake hawa ya kulle. Abin da Amurkawa suka yi shi ne rage girman faifan, suka kafa shi a tsakiyar bayan a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya. Gaban gidan yana da tudu da ke hawa saman bayan motar, kuma a ƙarƙashin tudun akwai turken ƙarfe da ke faɗawa cikin faifan. A cikin wannan tudu ake yin ɗakin kwana, ana hawa da 'yan matakala. Da yake nauyin gaban gidan yana sauka a kan tayoyin mota kai tsaye, irin wannan gida ba ya yawan kaɗa wutsiya a kan hanya kamar wanda ake maƙalawa a ƙugiyar ƙasa ta bayan mota. Shi ya sa ake iya yin sa da tsawo da tsayi, har ya haura mita 12 a tsawo, ya kai mita 4 a tsayi.

In ka shiga cikin kowannensu a wurin dillali, bambancin ba zai bayyana maka sosai ba. Dukansu suna da firji da murhun gas da na'urar sanyaya ɗaki. Dukansu suna da tankuna uku, na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Dukansu suna da ɓangarorin bango da ke turowa waje in an tsaya, ɗaki ya ƙara faɗi. Dillali zai nuna maka laushin kujera da girman talabijin, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke ɓata, domin abin da ya raba gidajen nan biyu ba a falo yake ba. Bambancin guda ɗaya ne: a ɗaya an haɗa inji da gida sun zama jiki ɗaya, a ɗayan an raba su. Duk sauran abubuwa daga wannan suke fitowa. A ganina, hanyar da ta fi dacewa mutum ya gane wanda ya kamace shi ita ce ya ajiye hoton da ke ransa, ya zauna ya duba irin ranaku huɗu da duk mai irin wannan gida zai gamu da su: ranar tafiya, ranar zama, ranar lalacewa, da ranar sayarwa.

Ranar tafiya ta mota-gida ce, babu gardama. Mai ita yana janye bangon da ya turo, ya ɗage ƙafafun da suka tokare ta, ya cire wayar lantarki da bututun ruwa, ya kama hanya. Iyalinsa suna zaune tare da shi cikin ɗaki ɗaya, cikin sanyin na'ura, kowa da ɗamarar kujerarsa. In aka tsaya a gefen hanya, ko ana ruwan sama ko ana zafin hamada, babu mai fita waje kafin ya shiga makewayi ko ya ɗora shayi, saboda janareta na jikinta. In dare ya yi musu a wurin da hankalinsu bai kwanta ba, direba zai tashi daga gado ya taka zuwa sitiyari ya ja motarsa ba tare da ya buɗe ƙofa ba. Wannan dalili na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai a wurin mata masu tafiya su kaɗai da kuma tsofaffi. Mai gidan-ja kuwa sai ya yi ribas a hankali har turke ya faɗa faifai, ya tabbatar ya kulle, ya haɗa wayar birki da ta fitilu, ya gwada, sannan kowa ya shiga a-kori-kura a matse. Jihohi da yawa sun hana zama cikin gidan yayin da ake jan sa, kuma ko inda doka ta ƙyale, mai hankali ba zai bar iyalinsa a ciki ba. In an isa masauki, sai ya tura wannan doguwar halitta da baya cikin ɗan fili tsakanin bishiyoyi, matarsa tana waje tana ɗaga masa hannu, maƙwabta suna kallo. Aiki ne da ake koya, amma ba kowa ne yake son koyonsa yana da shekara saba'in ba.

Sai dai tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: kwana nawa ne a shekara za su zama ranakun tafiya? A nan ne lissafi yake juyawa. Da yawa daga cikin masu wannan rayuwa ba kullum suke kan hanya ba. Akwai waɗanda ake kira tsuntsayen ƙanƙara, tsofaffi daga Kanada da jihohin arewa da suke gangarowa kudu in sanyi ya kama, su yi wata uku ko biyar a Arizona ko Fulorida ko kudancin Teksas, sannan su koma. Garin Quartzsite da ke hamadar Arizona mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, amma a watan Janairu dubban ɗaruruwan baƙi ne suke wucewa ta cikinsa, kuma hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta ware wuraren da mutum zai iya zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu da takardar izini guda. Akwai kuma ma'aikatan jinya masu kwantiragin watanni uku-uku, da masu shimfiɗa bututun mai, da ma'aikatan rijiyoyin mai a yammacin Teksas. Duk waɗannan mutane tafiyarsu ta 'yan kwanaki ce, zamansu na watanni ne.

Ranar zama kuwa ta gidan-ja ce. Da zarar an sauke shi an tokare, ya zama gida sosai. Ba a ɓata masa wuri da sitiyari da kujerun gaba ba, rufinsa yana da tsayi, ɗakin kwana yana sama a keɓe, madafa tana da faɗin da uwargida za ta juya. Abin da ya fi wannan muhimmanci, a-kori-kura ta sami 'yanci. Da ita za a je kasuwa, da ita za a je asibiti ko wurin aiki, gida yana nan inda aka bar shi. Mai babbar mota-gida in burodi ya ƙare masa, ko dai ya naɗe gidansa duka ya tafi da shi kanti, ko kuma ya kasance tun farko yana jan wata ƙaramar mota a baya. Mafi yawansu na biyun suke yi. Ka ga ke nan wanda ya guji ja ya dawo yana ja, ga inji biyu da zai riƙa yi wa juyen mai, ga inshora biyu, ga rajista biyu. Ƙari a kan haka, in ƙaramar motar tana biye da tayoyinta huɗu a ƙasa, ba a yin ribas da ita. Ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, dole ya sauko ya kwance ta tukuna.

Adalci ya sa in faɗi cewa a-kori-kurar da ke jan babban gida ita ma ba abar shiga gari ba ce. Muna magana ne a kan irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Silverado 3500, wasu ma masu taya bibbiyu a baya. In babu kaya a kanta tana da tauri a kan hanya, tana shan mai, samun wurin ajiye ta a tsakiyar birni kuma wahala ne. Akwai wata shahararriyar hanyar dutse a gandun Glacier na jihar Montana da aka hana duk abin hawan da ya wuce mita 6.4 bi ta tsakiyarta. Babbar mota-gida ba ta da ta cewa a nan, amma ita ma F-350 mai ƙofa huɗu da dogon baya ta ɗara wannan awo. A irin wannan wuri mai jan ƙaramar mota shi ne ke dariya. Kowane zaɓi da ladan kuturunsa, kuma wanda ya ci dole ya yi aski.

Ranar lalacewa ita ce ba a faɗa a wurin dillali, kuma ita ce ta fi auna min. Gida mai taya gida ne da ake girgizawa na sa'o'i a kan kwalta. Famfo zai kwance, rufi zai yi yoyo, bangon da ke turowa zai maƙale. Wannan ya shafi duka biyun. Amma inji daban ne. In giyar mota-gida ta mutu a tsakiyar jihar Nevada, abin da za a ɗauka a kai gareji shi ne ɗakin kwanan mutum, da madafarsa, da magungunansa, da tufafinsa. Ba kowane makanike ne ke karɓar mota mai wannan girma ba, sai garejin manyan motoci, kuma motar da za ta janyo ta ma sai ta musamman. In kayan gyara suka yi mako uku ba su iso ba, mako uku ke nan mai gida yana biyan otal, ko yana roƙon a bar shi ya kwana a harabar gareji. Mai gidan-ja in motarsa ta lalace, gidansa na nan a masauki, zai kwana a gadonsa, kuma kusan kowane ƙaramin gari a Amurka yana da mai gyaran Ford ko Chevrolet. In kuwa gidan ne ya shiga gyara, motarsa na hannunsa. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Ga wanda ya sayar da gidansa na ƙasa ya dogara kacokan a kan mai taya, raba inji da makwanci shi ne kusan abin da ya rage masa na wannan hikima.

Akwai kuma lalacewar da zama ke kawowa. Inji ba ya son a ajiye shi. Mota-gidan da ta yi wata biyar a tsaye a hamada batirinta na mutuwa, manta na tsufa, robobinta na bushewa, ɓeraye na cin wayoyinta. Tayoyinta manya ne masu tsada, kuma shekaru ne ke kashe su ko da ba su taka hanya sosai ba, shi ya sa ake shawartar a canza su bayan shekara biyar zuwa bakwai ko zanensu bai goge ba. Wanda ya sayi injin dizal na bas domin ya yi tafiya sau biyu a shekara ya biya kuɗin doki ne ya ɗaure shi a turke yana ba shi dawa. A-kori-kura kuwa kullum tana aiki, ko a tafiya ko a gida.

Ranar sayarwa ita ce ta huɗu, kuma tana zuwa da wuri fiye da yadda masu saye suke zato, ko don rashin lafiya, ko rasuwar abokin zama, ko kewar jikoki. Gidan ƙasa a mafi yawan lokuta darajarsa na ƙaruwa. Gida mai taya tun ranar da ya bar harabar dillali yake faɗuwa. Duka biyun suna faɗuwa, amma wanda ya fi tsada shi ya fi yin asara mai yawa. Sabon gidan-ja mai kyau yana kamawa daga dubban gomomin daloli zuwa sama da 100,000, a ƙara da kuɗin mota. Babbar mota-gida mai dizal tana shiga dubban ɗaruruwa, na alfarma har su haura miliyan. Bankuna suna ba da rancen shekara 15 har 20 a kansu, abin da ke sa biyan wata-wata ya yi kamar da sauƙi, alhali shekaru za su shuɗe bashin da ake bin mutum ya fi abin da za a saya a hannunsa. Rabuwar inji da gida a nan ma tana da amfani. In motar ta tsufa a sake ta a bar gidan, in gidan ya yi ƙanƙanta ko ya yi girma a sake shi a bar motar. Ranar da aka gaji da yawo kuma, a-kori-kura tana da masu saye a kowace ƙauye, daga manomi zuwa ɗan kwangila. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa a cikin gidaje sama da 600,000 da aka fitar a 2021, masu inji ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Batun mai ba ya raba gardama kamar yadda ake zato. Babbar mota-gida kan yi kilomita biyu da rabi zuwa huɗu a kan lita ɗaya. A-kori-kura mai dizal tana jan babban gida ta fi ta kaɗan, ba da yawa ba. Daga Shikago zuwa tsakiyar Arizona kusan kilomita 2,800 ne, wato in lita tana kai kilomita uku da rabi, sai an ƙona lita 800 kafin a isa, a sake ƙona irinta a dawowa. Wanda wannan adadi ya firgita, to, matsalarsa girman gidan ce, kowane iri ya zaɓa.

Tun da na karkata ga gidan-ja, wajibi ne in faɗi tarkon da ke cikinsa, domin tarko ne mai kisa. Masu saye da yawa suna duba nauyin da motarsu za ta iya ja, su manta da nauyin da za ta iya ɗauka. Gidan-ja irin wannan yana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinsa a bayan mota. Gida mai kilo 7,000 zai ɗora mata kimanin kilo 1,400, kafin a lissafa faifan ƙarfen kansa, da direba, da iyali, da kaya. Ƙananan a-kori-kura da yawa ba su wuce ɗaukar kilo 1,000 ba gaba ɗaya. Inji zai ja, mai mota ya ɗauka lafiya lau, sai ranar da ake gangarowa daga dutse birki ya yi zafi, ko tayar baya ta fashe. Kowace mota tana da takarda a jikin ƙofar direba da ta faɗi iyakar abin da za ta ɗauka, kuma wannan takarda ta fi maganar kowane dillali. Ƙa'idar da masu ƙwarewa suke bi ita ce a fara zaɓen gida, a auna shi da kaya a cikinsa, sannan a nemi motar da ta fi ƙarfinsa. Wanda ya riga ya mallaki ƙaramar mota yake neman gidan da zai lallaɓa ya ɗora mata, yana wasa da ransa da na mutanen da ke bayansa a hanya.

Doka ma tana da abin faɗi, ko da yake sassaucinta zai ba mai karatu mamaki. A mafi yawan jihohi, lasin ƙaramar mota ya isa mutum ya tuƙa gida mai girman bas. Wasu jihohin sun tsaurara: Teksas tana neman lasi na daban in nauyi ya haura kimanin kilo 11,800, Kalifoniya kuma tana neman haka ga mota-gidan da ta wuce mita 12, da gidan-jan da ya haura kimanin kilo 6,800. A Turai, inda lasin gama-gari ya tsaya a tan uku da rabi, hanyoyi suka matse, manyan a-kori-kura kuma suka yi ƙaranci, da wuya ka ga mai ƙafa ta biyar. Ƙananan mota-gida da ƙananan tireloli ne suka cika hanya. Wannan ya nuna cewa muhawarar 'yar ƙasarta ce, faɗin Amurka da arhar manta da girman motocinta ne suka haife ta.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba. Ba duk mai kwana a kan taya ne yake yawon shaƙatawa ba. 'Yar jarida Jessica Bruder ta wallafa littafinta Nomadland a 2017 a kan tsofaffin Amurkawa da rikicin tattalin arzikin 2008 da tsadar haya suka fitar daga gidajensu, suka koma bin ayyukan wucin gadi daga jiha zuwa jiha, ciki har da ɗaure kaya a rumbunan Amazon lokacin kasuwar ƙarshen shekara. Fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Irin waɗannan mutane ba su da zaɓi tsakanin babbar mota-gida da gidan-ja. Tsohuwar motar kaya ce gidansu, kuma ranar da injinta ya buga, ranar suka rasa makwanci. Na kawo su ne domin su ne hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗi. Duk lokacin da rufin kan mutum ya dogara da lafiyar inji, to, ƙarfe ɗaya ne tsakaninsa da titi. Mai kuɗi zai sayi mafita da otal. Wanda fanshonsa ke nan a ƙirge ba shi da wannan dama.

To, ina na tsaya? Mota-gida ta dace da wanda da gaske matafiyi ne, mai tashi duk bayan kwana biyu ko uku, mai son ya ga ƙasa da yawa cikin ɗan lokaci, wanda kuma yake da ajiyar da gyaran inji ba zai girgiza ba. Ta dace da wanda gwiwarsa ba ta son matakala, ko bayansa ba ya son sunkuyo wajen ɗaura ƙarfe, da kuma ma'auratan da ɗayansu ba shi da lafiya yana bukatar makewayi kusa a kowane lokaci. Ga waɗannan, tsadar ta biya kanta. Amma ga mai zama wata ɗaya ko uku a wuri guda, ga ma'aikacin da ke bin kwantiragi, ga wanda ya sayar da gidansa na ƙasa kuma kuɗinsa a ƙirge suke, gidan-ja da mota mai ƙarfin da ya dace shi ne zaɓin hankali. Kuma tun da akwai masu ba da hayar duka biyun, babu dalilin da zai sa mutum ya sayi biri a sama. Ya yi hayar kowanne na mako biyu, ya tuƙa shi cikin iska, ya yi ribas da shi da dare, ya zubar da tankin bayan gida da hannunsa, ya bar matarsa ma ta riƙe sitiyari, domin wata rana ita ce za ta kai shi asibiti.

Abin da ya fi jan hankalina a duk wannan shi ne yadda mutane suke saye domin irin rayuwar da suke hango wa kansu, alhali wata rayuwar daban za su yi. A rai, kowa matafiyi ne da zai keta duwatsu da hamada, kowace safiya a sabon gari. A zahiri kuwa, bayan shekarar farko mafi yawansu suna samun wuri guda mai daɗin iska da maƙwabtan kirki da asibiti kusa, su yada zango, su riƙa komawa can duk shekara. Wanda ya san wannan hali na kansa tun kafin ya sa hannu a takardar banki, ya tsira da rabin dukiyarsa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Mutum ya ɗauki kalanda ya ƙirga kwanakin da zai yi a kan hanya da waɗanda zai yi a tsaye, ya tambayi kansa inda zai kwana ranar da inji ya ƙi tashi; amsar da ya samu ta fi duk abin da zai gani a falon dillali.